Yadda ake koya wa wayar tebur ta intanet lambobin Nijar

Wayar tebur mai aiki da intanet, irin wadda ake girkawa a ofisoshi da ɗakunan shan magani na unguwar Lazaret a Yamai, ba ta aika lamba ɗaya bayan ɗaya kamar tsohuwar wayar girke. Tara lambobin take yi, sa'annan ta tura su gaba ɗaya. Don haka dole a sanar da ita inda lamba take ƙarewa, in ba haka ba ta yi ta jira na 'yan daƙiƙoƙi bayan an gama dannawa. Ƙa'idojin kira su ne ke yin wannan aiki, kuma ana rubuta su a shafin saitin wayar ta kwamfuta.

Tsarin Nijar mai sauƙi ne. Kowace lamba tana da alƙaluma 8, babu sifili a farkonta. Layukan girke na farawa da 20 ko 21, na salula kuwa galibi da 9 ko 8, wasu da 7. A wayoyi irin su Yealink, harafin x na nufin kowane alƙalami, saboda haka ƙa'idar [2789]xxxxxxx ta ishi kiran cikin ƙasa: da zarar na takwas ya shiga, kira ya tafi.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lambobin cikin gida. Mai girkawa ya ba sakatariya 207, ya umarci waya ta kira nan take. Daga ranar duk layin girke mai farawa da 207 ya gagara. Mafi hatsari shi ne fara su da 1, domin 17 ta 'yan sanda ce, 18 ta 'yan kwana-kwana, 15 ta agajin likita na gaggawa. Waɗannan bai kamata su jira komai ba, kuma wajibi ne a tabbatar kamfanin da ke ba da layin yana isar da su. Fara lambobin ofis da 3 ko 4 ya raba gardama.

Ga masu hulɗa da Kano ko Sakkwato, akwai ƙa'idar musanya: a danna lambar Najeriya mai alƙaluma 11 yadda aka saba, waya ta cire sifilin farko ta sa 00234. Wayar ɗakin jira kuwa gara a toshe mata 00 baki ɗaya, don kiran ƙasashen waje ne ke cinye kuɗin ofis.