Matakan Da Ahmed Musa Ya Taka Kafin Ya Isa Ingila

Duk yaron da ke buga ƙwallo da la'asar a filayen rairayi na Nguru ko Gashuwa, in an tambaye shi burinsa, Turai zai ce. Amma ba safai yaran kan tambayi ta inda Ahmed Musa ya bi ba.

An haife shi a Jos cikin 1992. Makarantar koyon ƙwallo ta GBS ce ta rene shi, sa'an nan ta ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH, watau ta asibitin koyarwa na Jos, inda ya ci ƙwallo 4 kacal. Sai da aka kai shi Kano Pillars tauraronsa ya haska, ya ci 18 a kakar 2009/2010, alhali shi kansa bai cika shekara 18 ba.

Ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi, amma dokar FIFA ta sa ya jira har Oktoba 2010 saboda ƙarancin shekaru. Daga nan sai CSKA ta Mosko cikin 2012, sai Leicester ta Ingila cikin 2016, inda abin bai yi armashi ba, don ƙwallo 2 kurum ya ci a gasar Firimiya.

Cikin Afrilu 2021 ya komo Pillars, bayan ya bar Al-Nassr ta Saudiyya ya yi wajen wata 6 ba shi da ƙungiya.