Sunayen Ƙwari a Hausa da Rabe-raben Kimiyya: Misali daga Kasuwancin Wake da Goro a Agege

1.0 Gabatarwa

Tun bayan da layin dogo daga Legas ya isa Kano a 1912, Agege ta zama zangon Hausawa fataken goro. Har yau goro yana hawa Arewa, wake da kuɓewa suna gangarowa Kudu, kuma kowanne yana tafe da ƙwaronsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta kwatanta yadda Bahaushe yake raɗa wa waɗannan ƙwari suna da yadda masana kimiyya suka kasa su.

2.0 Rabe-raben Kimiyya

Tsarin sunayen dabbobi na kimiyya ya samo asali ne daga aikin Carl Linnaeus na 1758, inda kowace halitta take da suna mai kalmomi biyu: na jinsi da na nau'i. Ƙwari masu taurin fukafukan sama suna cikin rukunin Coleoptera. A ƙarƙashinsa akwai dangin Chrysomelidae, wato ƙwari maciya ganye, wanda Latreille ya raɗa wa suna a 1802, kuma nau'o'insa sun haura 35,000. Daga cikinsu akwai Ootheca mutabilis mai huda ganyen wake a gona, da ƙananan ƙwari masu tsalle da suke ɓula ganyen kuɓewa da rama.

Abin lura a nan shi ne ƙwaron da yake cin wake a buhu, Callosobruchus maculatus, wanda Fabricius ya siffanta a 1775. Macen takan manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, tsutsar ta kutsa ciki ta girma, sannan ta fito ta bar ƙofa zagayayya. A da an ware shi a dangin Bruchidae, amma yanzu akasarin masana sun mayar da wannan dangi reshe na maciya ganye, duk da cewa tsutsarsa ƙwaya take ci. Shi kuwa ƙwaron goro, Balanogastris kolae, yana cikin dangin Curculionidae masu dogon baki. Ke nan ma'aunin kimiyya shi ne ƙirar jiki da dangantaka ta asali, ba abinci ba.

3.0 Hanyoyin Raɗa Suna a Hausa

Ana iya gano hanyoyi uku:

(a) Suna na kashin kai, kamar buzuzu da gara da fara.

(b) Harɗaɗɗen suna mai ɗauke da mahaɗi, inda ake jingina ƙwaro ga abin da yake ci: ƙwaron wake, ƙwaron masara.

(c) Sunan ɓarna a madadin na maɓarnaci. Ɗan kasuwa yakan ce goro ya yi sankara, ba tare da ya ambaci ƙwaron ba, har akan yi kirari da cewa sankara ɓata goro. Daga baya ma'anar kalmar ta faɗaɗa ta haɗa da cutar daji.

Wannan ya nuna cewa ma'aunin Bahaushe shi ne amfani da hasara, domin abin da ya dami mai wake shi ne buhunsa.

4.0 Matsalar Fassara

Ingilishi yakan kira ƙwaron wake da na goro da kalma ɗaya, weevil, alhali danginsu daban ne. Saboda haka mai fassarar da ya bi Ingilishi ido rufe zai haɗa abin da kimiyya ta raba, wanda Hausa ma ba ta haɗa ba. Haka kuma fassara Chrysomelidae da "ƙwarin ganye" kawai za ta sa ɗalibi ya fitar da ƙwaron wake daga danginsa.

5.0 Kammalawa

Ya kamata masu tsara ƙamus da keɓaɓɓun kalmomi su daidaita matakan rabon, misali rukuni, dangi, reshe, jinsi da nau'i, su kuma ajiye sunan Hausa gefe da gefe da na kimiyya. Kafin nan, akwai buƙatar tattara sunayen daga bakin manoma da 'yan kasuwa, ciki har da na Agege, inda Hausa take gogayya da Yarbanci.