Yadda Murfi Ke Samun Bakin Kwalbarsa

Wanda ya sayi lemo ko ruwan gora ba ya ko kallon murfin, murɗewa yake ya yar. A masana'antar da aka ɗura lemon kuwa, wannan ɗan abin da nauyinsa bai wuce giram biyu zuwa uku ba yana da nasa injina, kuma idan ya makara, komai tsayawa yake.

A yi lissafi. Layin da ke cika gora 36,000 a awa ɗaya yana fitar da goma a kowace daƙiƙa, kuma kamfanoni irin su Krones na Jamus da Sidel na Faransa suna ƙera waɗanda suka fi haka gudu. Kowace gora tana son murfinta ya iso a kan kari, bakinsa na kallon inda ya kamata. Shi kuwa murfi a cikin kwali yake zuwa, dubbai a cakuɗe, wani a kife, wani a rigingine. Babu hannun da zai iya jera su da wannan saurin.

Aikin ma'aikaci bai wuce ya juye kwalin a cikin wani babban mazubi da ke ƙasa ba. Daga nan wani bel mai matakala, wanda ya kusa miƙewa tsaye, yake kwasar su zuwa sama. A nan dabarar take, kuma ni dai ita ta fi burge ni, domin ba kwamfuta ke yin zaɓen ba. Murfi ya fi nauyi ta gefen da yake a rufe. Wanda ya jingina bayansa da bel, nauyinsa na ciki, sai ya zauna daram. Wanda ya hau a juye, nauyinsa na waje, da ya kai wani ɗan tudu da aka yi wa bel ɗin da gangan sai ya rinjaya ya faɗo mazubi, ya sake bin layi. Saboda yadda suke zubowa ba ƙaƙƙautawa ne masu sana'ar ke kwatanta injin da ruwa mai gangarowa daga kan dutse.

Akwai kuma mai kama da ƙatuwar tasa, wadda ke karkarwa har murfin ya riƙa hawa wata hanya da ta nannaɗe bangonta. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana bakace a faifai, tsaba na tafiya gefe guda, dusa na yin nata gefen, ya riga ya gane rabin aikin. Wani injin kuma faranti ne mai juyawa da ke wurga su gefe. Wannan ya fi sauri.

Waɗanda suka tsira sai su bi wani siririn indararo, iska na tura su ko gangara na jan su, har zuwa kan da ke ɗaure gora. A hanya akwai idon lantarki da ke lura: idan indararon ya cika a dakatar da bel, idan ya yi ƙasa a ƙara. A manyan layuka har kyamara ake sawa ta fitar da wanda ya lanƙwashe ko zobensa ya tsinke.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. Roba na gogar roba sai ta ɗauki irin lantarkin nan da ke tartsatsi a bargo lokacin hunturu, ta riƙa janyo ƙura, murfi na manne wa ɗan'uwansa. Busasshiyar iska tana ƙara abin, don haka masana'antun lemo irin na Challawa a Kano suna da dalilin kula fiye da na bakin teku. Maganinsa shi ne a hura musu iskar da ke kashe lantarkin, a rufe mazubin, wani lokaci a haska su da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta.

Murfin ƙarfe mai haƙora, wanda William Painter ya ƙirƙiro a Baltimore ta Amurka a 1892, bai cika wahalar da injin ba, siffarsa kusan ɗaya ce ko'ina, haƙora 21. Na roba ne ba ya zama wuri ɗaya. Kullum rage masa nauyi ake yi don tsimin kuɗi, kuma da an rage sai bambancin nauyin da injin ke dogaro da shi ya ragu. Sannan tun 3 ga Yulin 2024 Tarayyar Turai ta wajabta cewa murfin gorar abin sha ta roba, wadda ba ta wuce lita uku ba, ya kasance a maƙale da ita bayan an buɗe. Mai sha ɗan tsaki kawai ya yi da murfin ya taɓa masa hanci. Injiniyoyi kuwa sai da suka koma kan bel da indararo suna sake gwaji.