Idan Babba Ya Ce "Ka Neme Ni Bayan Assihar"

Matasanmu da ke koyon riƙe kuɗi da lissafi a wajen manyan 'yan kasuwa a Tamanrasset sun sha kawo mana wannan kuka. Ana shan shayi bayan Isha, wani Alhaji ya ga yaro ya iya juya dinarin Aljeriya zuwa sefa da ka, sai ya ce, "Kai yaro, in an tashi kasuwar Assihar ka neme ni, zan ba ka jari." Yaro ya kwana bai yi barci ba. Alhaji kuwa ya hau mota ya bi ta In Guezzam da Assamaka, ya wuce Agadas, magana ta bi iska.

To, abin da muka gani cikin shekarunmu shi ne, irin wannan magana rabi alkawari ce, rabi gwaji. Alhaji yana so ya ga ta wace ƙofa za ka shigo. Kada ka fara da shi, ka fara da maigidanka. Wanda ya tsallake ubangidansa ya tafi wajen wani a ɓoye, su biyun za su guje shi, don a kara babu sirri. Ka sanar da shi cikin ladabi. Sau da yawa shi zai ɗauke ka da kansa, ko ya haɗa ka da fatoman Alhajin. Kuma kada a bar maganar ta kwana uku. Ka je gaisuwa tun yana gari, ka ce, "Baba Alhaji, maganar da ka yi mini shekaranjiya, na zo in ji yadda kake nufi."

Nan ne wurin da yara ke jin kunya, nan ne kuma ake cutuwa. Sai an tambaya: aikin albashi ne, la'ada ce, ko kiradi? A kiradi, rabon riba ake yankewa, rabi ko sulusi, ba a yanke adadin kuɗi. In an yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ke ɗauka. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: a mazhabar Malikiyya ba a ƙulla kiradi da kaya, sai da kuɗi. Cinikin wannan iyaka kuwa yawancinsa musaya ne, dabino busasshe da gishiri su sauka kudu, dabbobi su hau arewa, bisa dokar da Aljeriya ta kafa a 1994 ta sabunta a 2020. Saboda haka in jarin buhunan dabino ne, kai ɗan ijara ne wajen sayar da su, ladanka daban. Kiradi sai a kan kuɗin da suka fito.

A kuma faɗi da wane kuɗi za a yi lissafi. Waɗanda suka ga watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, sun san yadda 'yan'uwa suka yi shekaru ba sa gaisawa kan wannan. A rubuta, da shaidu biyu, yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar game da bashi.

In ka je sau biyu ya ce "sai wani jiƙo," ka ci gaba da gaishe shi, ka koma kan littafin lissafin maigidanka.