Jinya da neman mulki: Ƙafa ce ta karye, ko amana?

Kwanakin baya, a wata majalisa da mukan zauna bayan sallar Isha'i a nan Dutse, gardama ta kaure a kan ɗan siyasar da ya tashi daga doguwar jinyar haɗari, sannan ya ɗaga kai yana hangen kujerar da ta fi tasa. Wani dattijo ya ce wanda Allah Ya kuɓutar daga bakin mutuwa ya je ya yi godiya, ya bar wa masu lafiya fage. Wani matashi da ya shafe watanni a hannun mai ɗori bayan haɗarin mota a hanyar Birnin Kudu ya dube shi, ya ce, "To Baba, ni ke nan na tashi daga aiki?" Majalisa ta yi tsit. Tun daga daren nake juya maganar, domin na ga kowannensu ya riƙe rabin gaskiya.

Matashin nan yana da hujja. Ba da ƙafa ake mulki ba. Shan inna ya kama Franklin Roosevelt a 1921, bai ƙara tafiya da kansa ba, amma sau huɗu Amurkawa suna zaɓensa shugaban ƙasa. An harbi Wolfgang Schäuble na Jamus a 1990, ya koma kan keken guragu, kuma a kan keken ya riƙe ma'aikatar kuɗin ƙasarsa daga 2009 zuwa 2017. A tarihinmu ma, Manzon Allah (SAW) ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, a matsayin wakilinsa a Madina. Jigawa kuwa, wadda tun 2007 a zamanin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman alawus na Naira 7,000 duk wata, bai kamata a ce a cikinta ake wa mai sanda ko mai ɗingishi kallon wanda ya gama yawo ba. Tsarin Mulkin 1999 bai hana kowa takara saboda raunin gaɓa ba. Abin da sashe na 137 da na 182 suka ambata shi ne taɓin hankali.

Sai dai shi ma dattijon ba a banza ya ji tsoro ba. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, ƙaramin jirgin da Gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, yake tuƙawa da kansa ya faɗi a kusa da Yola. Ya samu mummunan rauni a ka, aka yi ta jinyarsa a Jamus da Amurka har wata goma. Da aka dawo da shi a watan Agustan 2013, duk wanda ya ga yadda aka riƙo shi daga matakalar jirgi ya san bawan Allah nan hutu yake buƙata. Amma nan da nan takarda ta isa majalisar dokokin jihar cewa ya kama aiki, aka kuma rushe majalisar kwamishinoni da sunansa. Mafi yawan 'yan majalisa suka ce ba su gamsu ba. Jihar ta dare gida biyu, har wa'adin ya ƙare a 2015 bai koma bakin aiki yadda aka san shi ba. Ya rasu a 2017. Allah Ya sani, ba shi ya jawo rikicin ba. Ai ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Kafin wannan mun ga na marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Nasa ba haɗari ba ne, ciwo ne, amma darasin ɗaya ne. Tun a yaƙin neman zaɓen 2007 aka garzaya da shi Jamus, aka ce mana ba komai. A watan Nuwamban 2009 aka kai shi Jidda ba tare da miƙa mulki ba, ƙasa ta zauna babu matuƙi, sai ranar 9 ga Fabrairu, 2010 Majalisar Tarayya ta fake da larura ta ɗora Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Ranar 5 ga Mayu ya koma ga Mahaliccinsa. Mutumin kirki ne, kuma har gobe Arewa tana kewarsa. Rufa-rufar da aka yi a kan lafiyarsa ce ta cutar da shi, ta cutar da mu.

Wani zai ce ai doka ta yi tanadi. Haka ne, sashe na 144 da na 189 sun ce idan kashi biyu cikin uku na majalisar zartarwa suka yanke cewa shugaba ko gwamna ya gaza, sai a kafa kwamitin likitoci biyar su duba shi. To amma su wane ne majalisar zartarwar? Ministoci da kwamishinonin da shi ya naɗa. Wa zai sare reshen da yake zaune a kai? Saboda haka wurin tace magana shi ne kafin zaɓe, ba bayan rantsuwa ba.

Ra'ayina shi ne, wanda ya warke daga rauni yana da cikakken 'yancin neman kowace kujera, amma da sharaɗi. Ya yarda likitocin da ba su cin abinci a hannunsa su duba shi, a kuma gaya wa jama'a abu ɗaya: zai iya ɗaukar nauyin ofis ko ba zai iya ba. Sirrin mara lafiya haƙƙinsa ne, amma mai neman riƙon amanar ƙananan hukumomi 27 ya san ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya fito da kansa ya zauna da 'yan jarida, ya amsa tambayoyin da ba a shirya masa ba, kada a bar mu da hotuna da sanarwar kakaki. Sannan mu masu zaɓe mu daina ɗaukar mataimaki a matsayin cikon benci. Taraba da Abuja sun nuna mana cewa wata rana shi ne mai gida.

Haka kuma kada tausayi ya zama ƙuri'a. Mu mutane ne masu zuwa dubiya, kuma hali ne mai kyau. Amma "sannu da jiki" daban, miƙa baitulmali daban. Manomin Jahun da malamar asibitin Kiyawa su ne za su biya kuɗin kuskurenmu na shekara huɗu.

Ga iyalai da makusantan irin waɗannan 'yan siyasa kuwa, ku ji tsoron Allah. Idan likita ya ce a dakata, a dakata. Kujera tana dawowa, rai ba ya dawowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu shugabanni masu gaya mana gaskiya.