Ko Kun Sani? Manhajar da Ke Laɓe a Bayan Sunanta

Ko kun sani cewa a Linux, idan aka harhaɗa manhaja da GNU Libtool, fayil ɗin da ke ɗauke da sunanta a foldar aikin sau da yawa ba ita ba ce? Ɗan aike ne kawai, rubutun umarni da kowa zai iya buɗewa ya karanta. Ainihin manhajar tana can kwance a wata folda mai suna .libs, kuma saboda ɗigon da ke farkon sunan, umarnin ls ba ya nuna ta sai an ƙara masa -a.

Dalilin kuwa shi ne, manhajar tana dogara da laburaren da aka harhaɗa tare da ita, alhali kwamfuta ta saba neman laburare a wurare irin su /usr/lib. Kafin a girka manhajar, ko dai babu su a can, ko kuma, abin da ya fi muni, a tarar da tsohon samfuri a ɗauka ba tare da kowa ya lura ba. Aikin ɗan aiken shi ne ya nuna hanyar sababbin, galibi ta hanyar LD_LIBRARY_PATH, sannan ya tayar da manhajar.

Kasancewar ɗan aiken rubutun umarni ne ya sa gdb, manhajar gano kurakurai, ke ƙin karɓar wannan fayil idan aka miƙa masa kai tsaye; sai an bi ta libtool --mode=execute. Wanda kuma ya kwafe shi zuwa wata kwamfuta, ɗan aiken kaɗai ya ɗauka.