Salama a Ƙasar Bauta: Abin da Wasiƙar Irmiya Take Koya wa Makiyayi

Akwai tambayar da kusan kowane fasto a cikinmu ya sha ji, ko a ƙofar majami'a bayan sujada, ko a kan tabarmar gidan makoki: "Baba Fasto, yaushe wannan abu zai wuce?" Mai tambayar wataƙila gwauruwa ce da aka kashe mijinta a gona, ko dattijon da ya bar garinsu da rigar jikinsa kaɗai, ko ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Tausayi yakan sa bakinmu ya yi saurin cewa, "Kada ka damu, kafin ƙarshen shekara Allah zai juya komai." To, wa ya aike mu da wannan magana? In shekara ta ƙare ba abin da ya canja, bangaskiyar wannan bawan Allah ce za ta biya bashin alkawarin da Allah bai yi ba. Saboda haka ya kamata mu san irin salamar da aka ba mu izini mu yi shelarta.

Ma'anar kalmar

Kalmar Ibrananci da ake fassarawa da salama ita ce shalom. Tushenta ɗaya ne da kalmar Larabci wadda Hausa ta aro "salama" daga gare ta. Ma'anarta ta fi kwanciyar hankali faɗi. Ta ƙunshi cikar abu, lafiyar jiki, zaman lafiya da maƙwabci, da daidaituwar dangantaka tsakanin mutum da Allah. Gaisuwarmu za ta taimaka mana a nan. Idan muka haɗu da mutum mukan tambayi gida, da yara, da aiki, da gajiya, domin mun san lafiyar mutum ba ta tsaya a jikinsa ba. Haka faɗin shalom yake. A Sabon Alkawari kalmar Helenanci eirene ce ta ɗauki wannan nauyi, domin manzanni da Tsohon Alkawari suka yi tunani ko da yake da Helenanci suka yi rubutu.

Annabawa biyu a Haikali ɗaya

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima. Ya kwashe sarki Yekoniya, da fadawa, da masu sana'a, da kayan Haikali, ya naɗa Zadakiya a gadon sarauta. Jama'a ta rabu biyu, waɗansu a gida cikin fargaba, waɗansu a baƙuwar ƙasa cikin begen komowa.

Irmiya sura 28 ta ba mu labarin abin da ya faru a shekara ta huɗu ta mulkin Zadakiya. Wani annabi mai suna Hananiya, mutumin Gibeyon, ya tashi a Haikali a gaban firistoci da jama'a, ya yi shela da sunan Ubangiji cewa cikin shekara biyu kayan Haikali da sarki da dukan waɗanda aka kwashe za su dawo. A lokacin Irmiya yana ɗauke da karkiyar itace a wuyansa, alamar cewa mulkin Babila zai daɗe. Mu lura, Irmiya bai yi fushi da saƙon ba. Ya amsa da amin, domin shi ma abin da zuciyarsa take so ke nan. Amma ya tunatar da jama'a cewa annabin da ya yi annabcin salama, cikar maganarsa ce za ta nuna ko Ubangiji ne ya aiko shi. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta. Daga baya Ubangiji ya aiki Irmiya ya gaya masa cewa karkiyar ƙarfe za ta maye gurbin ta itace, kuma laifinsa shi ne ya sa jama'a sun dogara ga ƙarya. A wata na biyar ya yi annabcin, a wata na bakwai ya mutu. Kimanin shekara bakwai bayan haka aka ƙone Urushalima da Haikalin.

Hananiya da sunan Ubangiji ya yi magana, a gidan Ubangiji, kuma saƙonsa ya fi daɗin ji. Tun a sura 6 da ta 8 Irmiya ya kwatanta irin waɗannan malamai da mai maganin da yake shafa wa babban miki magani sama-sama. Gaskiya ɗaci gare ta, amma mikin da aka rufe ba a wanke ba ruɓewa yake yi.

Wasiƙa zuwa Babila

A sura 29 Irmiya ya rubuta wa waɗanda suke zaman bauta wasiƙa, ya ba Elasa da Gemariya, jakadun da Zadakiya ya aika Babila, su kai. A can ma akwai masu annabcin komowa da wuri, har ɗayansu, Shemaiya, ya rubuto wa firist a Urushalima yana neman a tsawata wa Irmiya. Abubuwa uku ne a wasiƙar da ya kamata mu riƙe.

Na farko, an umarce su su ci gaba da rayuwa. Su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su aurar da 'ya'yansu. Mai tsammanin tafiya gobe ba ya dasa itace. Irmiya yana gaya musu su kwance ƙunshin kayansu, domin Allah yana tare da su a inda suke. Masu tonon kayan tarihi sun samo allunan yumɓu daga wani gari a ƙasar Babila mai suna Al-Yahudu, wato garin Yahuza. Mafi tsufa a cikinsu na shekara ta 572 kafin haihuwar Almasihu ne. Suna nuna Yahudawa suna noma, suna ciniki, suna biyan haraji, kuma da yawansu suna ɗauke da sunaye masu sunan Yahweh a ciki. Sun zauna, ba su kuwa manta da Allahnsu ba.

Na biyu, an umarce su su nemi salamar birnin da ya ci su da yaƙi, su kuma yi masa addu'a. A aya ta 7 kaɗai kalmar shalom ta fito sau uku, kuma an ɗaure lafiyarsu da lafiyar maƙwabtansu arna. Wannan umarni ne mai wuya ga mutanen da suka ga abin da sojojin Babila suka yi.

Na uku, an faɗa musu tsawon lokacin: shekara 70. Aya ta 11, wadda muke rubutawa a kalanda da katin biki, tana cikin wannan mahalli ne. Alkawarin shiri na alheri da makoma mai sa zuciya ga jama'a baki ɗaya aka yi shi, kuma yawancin manyan da suka fara jin wasiƙar a Babila aka binne su. Sai da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya kuma ba da izinin komawa a 538, jikokinsu suka ga cikar maganar. Irmiya kansa ya nuna irin wannan sa zuciya a sura 32, inda ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa alhali sojoji sun kewaye Urushalima, ya sa aka ajiye takardar cinikin a tukunyar ƙasa domin ta daɗe.

Cikarta a cikin Almasihu

Ubangijinmu ya bar wa almajiransa salamarsa a daren da aka bashe shi (Yohanna 14:27), ya kuma gaya musu a fili cewa wahala tana jiransu a duniya (16:33). A wannan dare ne ya yi baƙin ciki mai tsanani a Getsamani. Ashe salama da hawaye suna iya zama a ƙirji ɗaya. Da ya tashi daga matattu, ya sami almajiran a ɗaki kulle saboda tsoro, ya yi musu sallama, nan take ya nuna musu hannuwansa da kwiɓinsa (20:19-20). Tushen salamarmu ke nan: an sulhunta mu da Allah ta wurin giciye (Romawa 5:1), kuma babu ɗan bindiga ko tsadar kasuwa da zai iya warware wannan sulhu.

Daga kurkuku Bulus ya rubuta wa Filibiyawa cewa su kai damuwarsu ga Allah cikin addu'a da godiya, salamar Allah kuwa za ta tsare zukatansu (4:6-7). Kalmar da ya yi amfani da ita ta aikin soja ce, irin gadin da ake yi wa gari. Mutanen Filibi, garin da Roma ta zaunar da tsofaffin sojojinta, sun gane ta sarai. Ba a sa mai gadi sai inda akwai haɗari.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ikkilisiyoyinmu sun san zaman bauta a aikace. A ranar 29 ga Oktoba 2014, mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar Yan'uwa a Nijeriya da makarantar tauhidi ta Kulp a Kwarhi, kusa da Mubi. Shugabanni suka mayar da ofis Jos na ɗan lokaci. Mutanen Gwoza da kewaye da yawa suka ƙetare zuwa sansanin Minawao a Kamaru, waɗansu kuma shekaru sun shuɗe ba su ga garinsu ba. Mai yi wa irin wannan garke hidima yana bukatar waɗannan abubuwa.

Kada mu sa wa Allah ranar da bai sa ba. Muna da izini mu tabbatar wa mutane cewa yana tare da su, yana ji, kuma mugunta ba za ta yi nasara a ƙarshe ba. Yawan watanni ba a ba mu ba.

Kada kuma mu ɗora wa masu wahala laifin wahalarsu. Bautar Yahuza hukunci ce da annabawa suka bayyana dalilinta. Ba mu da irin wannan wahayi a kan ƙauyen da aka ƙone jiya, kuma Yesu ya hana irin wannan lissafi a Luka 13:1-5.

Mu bar wa kuka wurinsa a sujada. Littafin Makoki da Zabura 88 suna cikin Maganar Allah. Wanda muka hana shi kuka a majami'a zai yi shi shi kaɗai a ɗaka, yana zaton Allah ya yi fushi da shi.

Mu taimaki mutane su dasa. Aron fili ga ɗan gudun hijira, sa yaransa a makaranta, koya wa gwauruwa sana'a ta wurin Zumuntar Mata, ɗaura auren matasa a sansani, duk aikin bishara ne kamar yadda wa'azi yake.

Mu koya wa jama'a neman lafiyar garin da suke, har da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma sun binne nasu a wannan fitina. Wannan bai hana mu neman gaskiya ba. Irmiyan da ya ce a yi wa Babila addu'a shi ne ya yi shelar hukuncinta a sura 50 da 51, Bulus kuma ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a gaban mahukuntan Filibi (Ayyukan Manzanni 16:37). Ramuwa ce aka hana mu.

A ƙarshe, mu ma tumaki ne. Faston da yake binne mutane mako bayan mako yana bukatar ɗan'uwan da zai buɗe wa zuciyarsa, da lokacin da zai zauna gaban Ubangiji ba domin shirya wa'azi ba. In gwauruwar nan ta sake tambayarmu yaushe, muna iya cewa, "Mama, ranar tana hannun Allah. Amma Yesu yana tare da ke yau, mu ma ga mu." Sa'an nan mu tambaye ta ko akwai hatsi a gida.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne alamu ne za su taimaki dattawan ikkilisiya su gane saƙo irin na Hananiya a yau?
2. Yaya za ka yi wa'azi daga Irmiya 29:11 ga mutanen da suka shekara goma a gudun hijira?
3. Wane abu ɗaya ne ikkilisiyarka za ta iya yi a wannan shekara domin lafiyar garin da take?